Bokiti Huɗu a Gindin Lemun Abba

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Jakata ta suɓuce daga kafaɗata ta faɗi a bakin ƙofa, ban ko waiwaye ta ba.

Bishiyar lemun Abba... babu ita!

Rassa zube a tsakar gida, ganye ko'ina, abin da ya rage a tsaye wani gungume ne mai hannuwa uku wanda da ƙyar ya wuce kafaɗata. A gefensa kuma ga mutumin da nake mafarkin aure, zarto a hannu, gumi na bin wuyansa, yana yi min murmushi.

Murmushi fa!

"Furena, kin dawo? Zo ki ga abin da na..."

"Me ka yi?"

"Ai rassan ne suka..."

"Na ce me ka yi?!"

Muryata ce ta fito da Goggo daga ɗaki, ƙanwar Abba da ta zo zama da mu na ɗan lokaci. Ita ta buɗe masa ƙofa ta koma barcinta. Da ta yi arba da tsakar gidan sai ta ɗora hannu biyu a ka ta fasa salati.

Shi wannan lemun, Abba ya dasa shi a shekarar da aka haife ni, ni ce auta. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, kuma duk abin da ya bari a gidan nan, babu wanda ni da Umma muke ji da shi kamar bishiyar. Da na ga ganyenta ya fara rawaya yana kaɗewa, wani ƙaro mai yauƙi na tsiyaya a jikinta, sai na roƙi Mai Dashe ya zo ya duba. Haka kowa ke kiransa, saboda 'ya'yan itatuwa da furanni yake sayarwa a cikin baƙaƙen ledoji a bakin titin da nake bi zuwa aiki. Can muka haɗu. Na je sayen fure ɗaya, na dawo gida da fure uku da lambar waya.

Cewa na yi ya duba. Duba kawai!

"Ki tsaya ki ji ni, don Allah," ya ce yana ajiye zarton. "Ba a nan matsalar take ba, a ƙasa take. Na fara da matattun rassa ne, yanzu zan..."

"Yanzu za ka me? Ka haƙe saiwar ma?"

Ana cikin haka Umma ta shigo daga unguwa.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Tsayawa ta yi cak, ta dubi gungumen, ta dubi rassan, sai ta durƙusa ta ɗauki reshe ɗaya ta rungume a ƙirjinta. Hawaye na zuba, bakinta a rufe.

"Umma..." in ji Mai Dashe.

"Fita," na ce masa.

"Furena..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan! Fita!"

Ya tattara zartonsa ya fita. A ƙofa suka yi kiciɓis da ɗan Goggo, wanda muke kira Manaja tun kafin ya san ma'anar kalmar. Na hango Mai Dashe ya riƙe masa hannu yana faɗa masa wani abu da sauri, yana nuno gindin bishiyar. Manaja na gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Kafin rana ta faɗi na toshe lambarsa a wayata.

Shi Manaja ya daɗe yana zagaye na. Ba mummuna ba ne a fuska, ga turare ga mota, kuma bayan rasuwar Abba shi ya kawo magina suka zagaye gindin lemun da bulo mai kyau har gwiwa, aka cika cikin da ƙasa, aka shafe saman bulon da siminti don Umma ta riƙa zama a inuwar mijinta. Umma ta ji daɗin wannan abin ƙwarai. Ni ma na gode masa, amma godiya daban, so daban.

Washegari yana zaune a falo ya harɗe ƙafa.

"Umma, ni dama na faɗa. Mutumin da ya shigo gidanku da zarto tun kafin a ba shi 'ya, in aka ba shi da me zai shigo?"

"Da gatari mana!" Goggo ta cafe.

"Me ya faɗa maka a ƙofa jiya?" na tambaye shi.

Ya ɗaga kafaɗa. "Haƙuri yake ta bayarwa. Me kuma zai ce?" Ya juya ga Umma. "Ki bari in kawo leburori su tuge gungumen nan, a shimfiɗa tayil. Ganinsa ƙara miki ciwo zai yi."

Umma ta leƙa gungumen ta ƙofa.

"Wata ɗaya," ta ce. "In bai tofo ba, ku cire shi." Sai ta dube ni. "Ke kuma Auta, in bishiyar nan ta mutu, ba zan iya kallon fuskar yaron nan a matsayin suruki ba. Ba zan ɓoye miki ba."

A lokacin ni ma haka nake ji.

Amma zuciya ba ta da kunya. Kwana uku kawai na yi ina canza hanya don kada in bi ta gaban ledojinsa, a na huɗu kuma na tsinci kaina ina leƙensa daga tsallaken titi. A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki, ranar har sau biyu ina rubuta kwanan wata ba daidai ba a jikin kwalba.

Sai na ɗora duk haushina da begena a kan bokiti. Tun rasuwar Abba dama al'adata ce, kafin in tafi aiki in zuba wa lemun bokiti ɗaya, in na dawo in ƙara ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, tsakanina da Abba ne. Yanzu kuwa har cika bokitin nake yi yana ambaliya, ina zubawa ina cewa, "Ka tashi mana... don Allah ka tashi."

Ranar kwana na goma sha shida na dawo daga aiki na gan su.

Tsiro biyar, kore shar, sun ɓullo daga cikin ƙasar da ke zagaye da gungumen!

"Umma! Umma! Ya tofo!"

Umma ta fito babu ɗankwali. Goggo ta biyo ta. Muka tsaya muna kallonsu muna dariya muna kuka. Na ciro waya na buɗe lambar da na toshe.

Ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Furena?"

Wallahi sai da numfashina ya ɗauke.

"Ka zo," na ce. "Ya tofo. Na yafe maka, ka zo ka gani."

Ko minti ashirin ba a yi ba ya iso, rigarsa duk ƙasa. Ya durƙusa ya gaida Umma, ta amsa a daƙile amma ta amsa. Na ja shi zuwa gindin bishiyar ina murna kamar yarinya.

Ya tsaya. Ya dubi bulon. Ya dubi ƙasar. Fuskarsa ta canza.

"Ba a fasa wannan ba?"

"A fasa me?"

Ya sunkuya, ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina.

Sai kawai ya sa hannu...

Fit! Fit! Fit!

Kafin in ƙifta ido ya tuge su duka biyar!

Na yi mutuwar tsaye. Goggo ta kurma ihu. Umma ta dafe bango.

"Ka haukace ne?!" na ce da na samu bakin magana.

"Waɗannan ba na Abba ba ne! Ki shinshina ki ji, ki ga ƙayoyin..."

"Yaro," Umma ta ce a hankali, "me muka yi maka?"

"Umma wallahi..."

"Fita daga gidana."

Goggo ta ɗauki tsintsiya ta yi kansa. Yana ja da baya yana ɗaga murya ta saman kanta.

"Ki sa yatsa a ƙasar! Furena, yatsa kawai! Ki sa ki ji!"

Na maida ƙofa na rufe garam.

Da sassafe, hasken gari na fitowa, na ɗauki bokitina idanuna a kumbure. Ina zagayowa bayan ɗakin girki sai na ci birki.

Umma ce tsaye a gindin lemun, da nata bokitin, ta gama juye shi kenan.

Muka kalli juna.

"Umma... ke ma kina ba shi ruwa?"

"Ke ma?" Ta zaro ido. "Tun yaushe?"

"Tun da Abba ya rasu. Safe da yamma."

Bokitin ya suɓuce daga hannunta.

"Ni ma safe da yamma," ta ce. "Kafin ki tashi, da kuma bayan kin shiga ɗaki. Yau ne na makara. Ban so ki gan ni ina kuka ba."

Bokiti huɗu a rana. Shekara biyu cur!

Na tuna abin da Mai Dashe yake ihunsa jiya. Na durƙusa na tura yatsana cikin ƙasar, ya lume gaba ɗaya kamar cikin taɓo. Na zaro shi, wani wari mai tsami ya bugi hancina.

A nan na tuna Abba. Kullum kafin ya ɗauki bokiti sai ya tsuguna ya soka yatsa a ƙasa. Sau da yawa sai ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya yi tafiyarsa bai zuba ko ɗigo ba. Ina yarinya na ɗauka gaisawa suke yi da bishiyar.

Ni da nake gwada jinin mutane daga safe har yamma, ban taɓa gwada ƙasar gidanmu da yatsa ɗaya ba!

Ban je aiki ba ranar. Wurin ledojinsa na wuce kai tsaye. Na same shi yana cusa ƙasa a leda, yana ganina ya miƙe har yana tuntuɓe da butar ban ruwa.

"Na sa yatsan," na ce, sai kuka ya ƙwace min.

"Ya isa, sanyin idona. Ya isa haka. Zauna."

Ya kifa min bokiti na zauna a kai.

"Saiwa numfashi take yi kamar ni da ke," ya ce. "In ƙasa ba ta taɓa shan iska ba, shaƙewa take ta ruɓe. Ganye ya yi rawaya, mutum ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Sannan bulon nan. An binne wuyan bishiyar cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi ya sa ɓawon ke zubar da ƙaro. Rassan da na yanke rabinsu sun mutu, sauran kuma saiwar da ta rage ba za ta iya ciyar da su ba."

"To tsiron jiya fa? Me suka yi maka?"

"Lemun Abba mai aure ne. Gindin na lemun tsami ne, saboda ya fi juriya, sai aka ɗora masa reshen lemun zaƙi a sama. Duk abin da ya tsiro daga ƙasan mahaɗin, na tsamin ne. In kika bar shi, zai shanye ƙarfin bishiyar, na Abba ya ƙarasa mutuwa. Ki wayi gari da ƙatuwar bishiya, amma ba ita ba ce."

Na share fuska da gefen mayafi. "Me ya hana ka faɗi duk wannan kafin ka taɓa?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Laifina ke nan. Hannuna ya fi bakina sauri. Tun ina yaro ake yi min faɗa a kai."

"Aikuwa ka kusa rasa mata saboda shi."

"Na sani." Ya ɗago. "Amma maganar bulo da ruwa ai na ba ɗan Goggonki saƙo tun ranar farko. Na ce ya faɗa miki a fasa, a kwashe ƙasar, a daina ban ruwa. Har sau biyu na maimaita masa."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Ka ce wa?"

"Manaja. A bakin ƙofarku."

Kwana goma sha bakwai! Yana zaune a falonmu yana shan shayi, saƙon na cikinsa bai faɗa ba!

Mai Dashe ya faɗa min abin yi dalla-dalla, ya haɗa ni da guduma da ƙaramar fartanya da wani garin magani mai shuɗi-shuɗi. Ya so ya biyo ni, na ce a'a, Umma ba ta janye maganarta ba.

Ina shiga gida na ɗaure mayafi a ƙugu na ɗaga guduma.

"Auta!" Goggo ta ƙwala. "Ginin ɗana za ki rushe?"

"Shi kuwa, Goggo."

Na dubi Umma. Ta dubi yatsana da har yanzu akwai baƙar ƙasa a farcensa, ta gyaɗa kai.

Na fasa bulon. Na kwashe ƙasar da hannu, a hankali, don kada in ji wa saiwa ciwo. Can ƙasa, kusan taƙi biyu, na ga wani ɗan kumburi ya zagaye gindin. Mahaɗin ke nan, aikin hannun Abba, a binne shekara biyu. Ɓawon gefe ɗaya ya yi baƙi ya ruɓe. Na kankare ruɓaɓɓen har na kai ga mai kyau, na shafa maganin. A ɗaya gefen na ɗan karta da farce kamar yadda ya ce.

Kore ne a ciki!

"Da ransa, Umma... da sauran ransa."

Na faɗa mata saƙon da Manaja ya danne. Goggo ta yi caraf ta ce mantuwa ce, yaro mai harkoki da yawa. Da muka keɓe sai Umma ta ce, "Ruwan namu ne, na yarda. Amma zarton nasa ne, Auta. Idona ya riga ya gani. In bai tofo ba, ban san yadda zan yi da zuciyata ba."

Saura kwana goma sha uku.

Na shafe hannuwan gungumen da farar ƙasa don kada rana ta ƙone su. Na yi ɗan rami zagaye, nesa da gindin, na baza busasshen ganye. Muka kife bokitanmu biyu a bayan ƙofa. Ban taɓa sanin cewa ƙin yin abu ya fi yinsa wuya ba sai a kwanakin nan. Kullum da safe ni da Umma mu tsuguna, kowa ta soka yatsa, mu dubi juna.

"Da danshi."

"Da danshi."

Mu tashi hannu rabbana. Sai a kwana na tara ƙasar ta bushe har gaɓa biyu ta yatsa, muka zuba rabin bokiti a ramin, ba a jikin gindin ba. Tsiron tsami ya sake ɓullowa guda biyu. Na murza na shinshina, na rufe ido na tuge su da kaina.

A sama kuwa shiru.

Ranar da wata ya cika, da hantsi, Manaja ya shigo da leburori biyu da gatari. Ko kunyar Allah.

"Umma, alkawari ya cika. A huta haka."

Na tsaya a gaban gungumen. Na duba shi da asuba, na duba bayan karin kumallo, ban ga komai ba.

"Matsa, Auta," Umma ta ce.

"Umma don Allah..."

"Matsa in yi sallama da shi."

Ta sa gilashinta. Ta ɗora tafin hannu a kan gungumen tana shafawa a hankali, hannu na farko, na biyu. A na uku, ta ɓangaren bango inda ban cika leƙawa ba, hannunta ya tsaya.

"Auta... kira min yaron nan."

Ya zo a guje. Umma ta nuna masa wurin. Wani ɗan ƙurji ne kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya tsaga farar ƙasar ya leƙo.

Mai Dashe ya sunkuya, hannunsa ya miƙe...

"Kai!!!" Ni da Umma da Goggo, har da leburorin, baki ɗaya.

Ya yi wuf ya maida hannayensa biyu baya ya sarƙe su.

"Da baki za ka fara yau," in ji Umma. "Na waye wannan?"

Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago idanunsa sun kawo ruwa.

"A saman mahaɗi yake, Umma. Na Abba ne."

Umma ta zame ta zauna a ƙasa, nan kan ganye, ta fashe da kukan da ba ta yi da sauti ba shekara biyu. Na rungume ta muka yi tare.

Da ta natsu ta juya ga Manaja.

"Saƙon da aka ba ka a ƙofa, ka manta ne?"

Ya dubi uwarsa, Goggo ta kawar da kai.

"Ɗauki gatarinka," Umma ta ce. "Ka gaida gida."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, wadda Abba ke gyaran rassa da ita. Ko ni ba ta taɓa bari na taɓa ba. Ta miƙa wa Mai Dashe.

"Mun kore ka sau biyu a kan gaskiyarka, ka yafe mana. Ka turo manyanka. Amma ka ji sharaɗina, a gidanka ka riƙa yi wa 'yata bayani kafin ka ɗauki zarto."

"Wallahi Umma, ko farce zan yanke sai na sanar da ita."

Na yi dariya hawaye na shiga bakina.

Bayan wata huɗu aka ɗaura mana aure, lokacin lemun ya yi rassa bakwai masu sheƙi. Ranar da zan bar gida na tsuguna a gindinsa na daɗe, ina tunanin wa zai riƙa kula da shi, wa kuma zai kula da Umma.

Kwana biyu da tarewata, da safe, wayata ta yi ƙara.

"Umma, lafiya?"

"Lafiya lau. Na ɗauko bokiti ne, sai na tsuguna na sa yatsa."

"To?"

"Da danshi, Auta. Na mayar da bokitin. Sai na ce bari in kira ki kawai."